Tsohuwar Karofi da Mai Mudu

"Wai Yaya Tasi'u, da gaske ne a wurin awon gas hannunka ya shanye?"

Barira ce ta yi tambayar, ƙanwar maigidana. Ina madafi ina kankare tukunyar tuwo na jiyo ta. Sai na tsaya da kankarar.

An ɗauke wuta tun la'asar. Bayan sallar isha kowa ya fito tsakar gida, har da 'yan matan maƙwabta, ƙawayen Barira. Yaya Tasi'u ɗan wan baban maigidana ne. Ya zo gaida Inna, surukata, hadari ya hana shi komawa birni. Ni ban fita ba. Wan miji ne, ba na zama inda yake. Amma katangar madafin gajeriya ce, magana tana tsallakowa.

Inna ta ce, "Ke Barira, bakinki ba shi da linzami? Da dare ake irin wannan tambaya?"

"Ƙyale ta, Inna," in ji shi. "Gara su ji. Su ma suna bin wajen in sun je itace."

Na ajiye tukunyar a hankali don kada ta yi ƙara. Aikin da Yaya Tasi'u ya bari, shi maigidana yake yi yanzu. A daren ma yana can, bai dawo ba.

Yaya Tasi'u ya yi a'uziyya. Ya rage murya.

"Kun san ma'ajiyar gas ta bayan gari, inda tankoki ke juye gas ɗin girki. Can ƙarshenta, jikin waya, akwai wani ɗan ɗaki. Nan nake zama, ni da wata na'ura. Masu ita girabitomita suke ce mata. Mu mudu muke cewa, don awo ne aikinta."

Wata cikin 'yan matan ta ƙyalƙyale. "Gas a mudu? Kamar gero?"

"Nauyinsa ake aunawa, sarkin dariya. Ba nauyin tukunyar ba, nauyin shi kansa gas ɗin. Akwatin ƙarfe ne, cikinsa ganguna biyu, kowace da fankarta da bututunta. Ɗaya tana zuƙo iskar waje, wadda ni da ke muke shaƙa. Ɗaya tana zuƙo gas. Sai su yi ta ja-in-ja kamar mata biyu sun kama zani ɗaya a kasuwa. Wanda ya fi nauyi shi ke rinjaye, allura ta karkata ta nuna. Da haka ake gane gas ɗin da tanka ta kawo, mai kyau ne ko an yi masa haɗi."

"Wa ke rinjaye?" in ji Barira.

"Gas mana. Na girki ya fi iska nauyi, ya kusa ninka ta. Shi ya sa in ya zube ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi kamar ruwa. Ya nemi kwari, ya nemi rami, ya kwanta. Ku riƙe wannan."

Ba wadda ta sake dariya.

"Kafin ka yi awo, sai ka gwada gaskiyar mudun. Ka rufe gas, ka bar gangunan biyu su sha iska zalla. Allura ta tsaya a kan ɗaya, cak. In ta tsaya nan, mudu lafiyarsa lau. To, wata rana da damina, ruwa ya ɗauke kenan, tanka ta makara. Ta shigo rana tana faɗuwa. Kowa ya tafi bakin ƙofa alwala. Na ce bari in gwada mudu kafin in bi su."

Na ji Inna ta gyara zama.

"Allura ta tsaya a ɗaya. Sai ta yi rawa. Sai ta fara hawa. Na duba makullin gas, a rufe yake. Na ƙara murɗe shi. Tana hawa. Ta wuce inda gas ke tsayawa. Ta kai ƙarshe. Ta shiga buga gefen gilashin. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa."

"Innalillahi," wata ta ce a hankali.

"Na ce a raina, wani abu ya toshe bututu. Ko ƙadangare. Na zagaya bayan ɗakin. Sai ga tsohuwa. 'Yar ƙarama, da hannu ɗaya za ka ɗaga ta. Baƙin zani, jiƙe sharkaf. Ta sunkuya, ta kafa bakinta a bakin bututun tana hurawa. Hannuwanta shuɗaye har gwiwa, irin na marina."

"Ka yi mata magana?"

"Na yi sallama. Ba ta amsa ba. Ta juyo ta ce, 'Mai mudu, nawa na kai?' Leɓunanta ne suka motsa. Amma muryar daga ƙarƙashin ƙafata ta fito. Kamar mai magana a cikin rijiya."

Na ji tabarma ta yi motsi. 'Yan matan sun matsu wuri ɗaya.

"Ta ce, 'Zo ka ga aikinka.' Ta bi ta wata ɓaraka a jikin waya."

"Ka bi ta, Yaya?"

"Ƙafafuna suka bi ta. Ni ban ce su bi ba. Ina bayanta ina kallon ƙasa. Ni ƙato, sawuna a taɓo bai wuce zurfin ɗan yatsa ba. Ita kuwa duk inda ta taka sai ƙafar ta nutse har ƙwauri. In ta zare, ramin ya cika da ruwa. Shuɗi."

Sai ya bayyana musu abin da ta nuna masa. Gas ɗin da mudu ya gama aunawa ba ya komawa tanki. Ta wani siririn tiyo yake fita, wanda ake ɗaurewa a kan dogon ƙarfe don iska ta watsa shi sama. Guguwa ta daɗe da kayar da ƙarfen, tun kafin shi Yaya Tasi'u ya kama aiki. Ciyawa ta rufe shi. Bakin tiyon yana kwance a kan gangare. A ƙasan gangaren kuwa tsohuwar karofi ce, ramukan rini da aka bari tun zamanin kakanni.

"Kakana ya yi rini a wurin," in ji Inna. "Da suka tashi ba su cike ramukan ba. Sun ce akwai masu su."

"Akwai su, Inna. Ta tsaya a bakin rami ɗaya ta ce, 'Duk awon da ka yi, ragowar a ɗakinmu take sauka. Jikokina suna ƙasa. Sun kwanta, sun ƙi tashi.' Na leƙa. Duhu. Amma na ji numfashi. Da yawa. Ƙanana. Kowanne yana fito, irin na yaro mai ciwon ƙirji."

"Wayyo," in ji Barira.

"Na ce, 'Iya, ki yi haƙuri, ban sani ba. Gobe za a ɗaga tiyon.' Ta ce, 'Ɗaga. Wanda ya riga ya shiga fa? Kai ka fi kowa sanin ba ya hawowa da kansa.' Gaskiya ta faɗa."

Ya yi gyaran murya. Abin da ya faɗa bayan nan, har yau ina iya maimaita shi.

"Ta zira hannu a ramin ta ciro gora. 'Yar madaidaiciya, an toshe bakinta da totuwa. Ta ce, 'Mun ɗura. Ku kwashe kayanku, gora bayan gora. Ka kai ɗakin da kake kwana, ka ajiye a ƙasa. Kada wuta ta kusance ta. Kada a ce wa kowa tana nan. Ranar da wani na ɗakin ya buɗe baki ya faɗa, totuwa za ta fita. Abin da ya kwantar da nawa ya kwantar da naka.' Na ce, 'Har yaushe, Iya?' Ta ce, 'Har ranar da na hura a mudunka allura ta tsaya a ɗaya.'"

"Ka karɓa?"

"Hannun hagu ya miƙa kansa. Ta ɗora. Barira, kin taɓa ɗaga dutsen niƙa? Ki haɗa shi da 'yan'uwansa. Na ji kafaɗata ta ce ƙarau. Daidai nan aka tada iƙama a bakin ƙofa. Sai na ji ƙafafuna sun dawo nawa. Na saki gorar. Na zura da gudu. Ba ta bi ni ba. Ba ta ma yi fushi ba. Daga ƙasa na ji muryar tana bin sawuna. 'Tafi. Wani zai zo. Mudu ba ya zama babu mai shi.'"

Tun daga ranar hannun bai sake ɗagawa ba. Washegari ya sa aka tada ƙarfen, aka ɗaure tiyon sama. Aka kira malamai suka yi addu'a. Shi kuma ya bar aikin.

Kwaɗi suna ta kuka can bayan gida.

Barira ce ta sake magana, muryarta ta ƙanƙance. "To, Yaya Lurwanu fa?"

Sunan maigidana kenan. Ni ba na faɗa, amma ita ƙanwarsa ce.

"Na gaya masa komai kafin ya karɓi aikin," in ji Yaya Tasi'u. "Ya yi mini alkawari in ya ga rana ta sunkuya zai bar mudu ya shiga cikin mutane. Ta bakin titi zai riƙa dawowa. An ɗaga tiyo, an yi addu'a. Zance ya ƙare."

"Yaron nan yana jin magana," in ji Inna.

"Ku dai ku ji ni. Kada wadda ta bi ta karofi ita kaɗai da magariba, ko itacen zinariya ne ya zube a wurin. In tsohuwa ta miƙo muku abu, ku mai da hannuwanku baya. Allah ya tsare mu da gamon da ba mu nema ba."

Suka amsa da amin.

Ni ban amsa ba.

Ni ce mai wanke wa maigidana wanduna. Tun farkon daminar bana nake cuɗe shuɗin taɓo daga ƙafar wandonsa. Babu shuɗin taɓo a bakin titi.

Gora ta farko, a cikin rigarsa ya shigo da ita. Ya durƙusa ya tura ta ƙarƙashin gado da hannu biyu, yana haki kamar wanda ya turo mota. Ya ɗago ya ga ina kallo. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba. Na zaci rubutu ne ya karɓo mana daga wani malami, don mun ɗan daɗe Allah bai kawo rabo ba. Kunya ta hana ni tambaya. Har daɗi na ji a raina, wai ya damu.

Washegari ya fitar da kaskon turaren wuta daga ɗakin. Ya ce hayaƙi yana sa shi tari. Maganin sauro ma ya hana, ya sayo gidan sauro. Fitilar ƙwai a bakin ƙofa take tsayawa. Ban yi musu ba. Bayan 'yan kwanaki ya shigo da ta biyu. Daga nan na daina lura da zuwansu, sai dai in zan yi shara in ji tsintsiya ta daki wata sabuwa.

Magen Inna da take kwana a ƙafata ta daina shigowa. Takan zauna a bakin ƙofa tana kallon ƙasan gadon. Kullum da safe ina share kyankyasai, sun mutu a rigingine, ba wanda ya taɓa su. Ni kaina in na yi sujada a ɗakin sai kaina ya riƙa juyawa. Na mai da sallata rumfa, na ce zafi ne.

Shi kuwa ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma gefensa na katifa ya lotsa kamar ƙato ne ke kwana a wurin. A zaune yake barci, ya jingina da bango. In na kasa kunne ina jin ƙirjinsa yana fito. Ƙarami. Irin na yaro.

Na san halinsa. Mutum ne da ba ya iya wuce tsohuwa da kaya a ka bai karɓe mata ba. A haka na fara ganinsa ma, ɗauke da ƙullin itacen wata tsohuwa da bai sani ba. Ina ga wadda ta ce masa jikokinta sun kwanta sun ƙi tashi?

Na miƙe. Na ce a raina, ga uwarsa, ga wansa da ya san abin. Su manya ne. Sun san malamai. Ni me na sani? Na tako har bakin madafi.

"Inna," na ce.

Sai na ji shi. Daga ɗakina. Ƙiii. Siririn sauti, kamar ana murza totuwa a wuyan gora.

Ba wanda ya waiga. Ni kaɗai na ji.

"Na'am, amarya?" in ji Inna. "Ashe kina nan. Lafiya?"

Ƙiii.

"In kawo muku ruwa?" na ce.

"Ji min amarya," in ji Barira tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Labari ya shiga jikinta, murya har tana karkarwa. Yau ba ki iya kwana sai Yaya ya dawo."

"Bar ta," in ji Inna. "Je ki kwanta, 'yar nan. Mun sha."

Na ratsa gefen tsakar gida kaina a ƙasa. Barira ta miƙo mini fitila. Na ce ta bar shi, na san hanya.

Na tura ƙofa na shiga. Duhu. Sanyi a idon sawuna, kamar na taka cikin rafi. Na ja numfashi a tsaye na riƙe, sannan na durƙusa. Na ɗaga zanin gado. Na shiga laluba gorunan ɗaya bayan ɗaya. Sun cika wurin, daga bango har bakin gado. Kowace na taɓa, sanyi ƙalau. Kowace totuwarta a zaune. Sai can ciki, ta farkon. Totuwarta ta ɗago. Tana motsi a ƙarƙashin yatsana.

Na ɗora babban yatsa na danna. Ta ƙi. Ƙirjina yana neman fashewa. Ban san da wa nake magana ba, amma a zuciyata na ce, ban faɗa ba. Ruwa na ce. Ban faɗa ba.

Ta koma. A hankali. Ba ƙarfina ba ne ya mai da ita. Kamar wani ne daga ciki ya yarda.

Na haye gado na zauna, na naɗe ƙafafu.

Ban daɗe ba na ji maigidana ya shigo gida. Ya gaida Inna. Ya gaida wansa, suka taɓa wasa. Yaya Tasi'u ya ce, "Ta titi dai ko, malam?" Ya ce, "Ina kiyayewa, Yaya." Bai ce e ba. Bai iya ƙarya ba, ko a nan.

Ya shigo ɗaki ya mai da ƙofa. Hannunsa ɗaya yana tallafe da cikin rigarsa. Hadarin ya washe, hasken wata ta taga ya nuna mini gumi a goshinsa.

"Sannu da zuwa," na ce.

"Yauwa. Ba ki yi barci ba?"

"A'a."

"An yi hira?"

"An yi."

"Ta me?"

"Ta duniya."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Na sauko daga gadon, na riƙe numfashi, na ɗaga masa zanin gadon da kaina. Ban taɓa yin haka ba. Ya tsaya cak. Sannan ya durƙusa. Ya nemi wuri, ya rasa. Da ƙyar ya cusa sabuwar gorar a ƙurya, rabinta a waje.

Muka hau gado muka zauna, kowa yana mai da numfashi.

Can ya ce, kamar da bango yake magana, "Yau allura ta ɗan sauka."

"Da yawa?"

"Kaɗan. Kamar faɗin ƙwayar gero."

Ina so in ce saura nawa. Ina so in ce ƙirjinka fa, zai kai? Ban san wace kalma ce ta halatta ba, wace ce za ta ɗaga totuwa. Sai na ce, "Tuwonka yana rufe."

"Bari da safe," in ji shi.

Ya jingina da bango. Fiton ya fara. Na zauna ina saurare har na daina gane ko daga ƙirjinsa yake fitowa ko daga ƙarƙashinmu.

Da safe Yaya Tasi'u ya yi sallama da kowa. Ya leƙo rumfa ya ce, "Amarya, a riƙa kula mana da shi. Ya rame." Na durƙusa na ce, "To." Hannunsa na hagu yana lilo a gefensa har ya fita zaure. Shi kaɗai ne a duniya zai yarda da ni in na faɗa. Na bi bayansa da ido har ya ɓace.

Ina miƙa wa Inna koko ta kama hannuna.

"Me ya sami yatsanki?"

Na duba. Babban yatsan ya yi shuɗi har gindin farce. Na riga na goge shi da toka, na goge da sabulu. Bai fita ba.

"Bulun wanki ne, Inna."

"Ki riƙa rage shi. Yana cin hannu."

"To, Inna."

Ta sake ni. Na koma ɗaki na rufe ƙofa.

A jikin bangon gabas kayan jerena suke, kwalla da samira da langa, waɗanda mahaifiyata ta tara mini tun ina ƙarama. Sun hau kan juna tun daga ƙasa. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara. Na cusa ƙanana cikin manya, na ɗora su saman kabad. Na share wurin tas. Na rataya tsohon zani a gabansa, ya sauko har ƙasa. Zai ɗauki goruna da dama. In ya cika, akwai bayan ƙofa.

Ranar Juma'a mahaifiyata za ta zo ganina. Za ta tambayi inda jerena ya tafi. Zan ce gara ce ta shigo ta jikin bango. Za ta kama fuskata ta ce, "Lafiya kuke kuwa?" Zan ce lafiya lau.

Ba zan gaya mata ba. Ba zan gaya wa Inna ba. Ko shi da muke kwana a kansu, ba zan ce masa na sani ba. Zan dai riƙa ɗaga masa zani in ya shigo, har ranar da allura ta tsaya a ɗaya.